Yini Guda A Ƙasar Yawuri: Daga Shanga Zuwa Bakin Tafkin Kainji

Abin da ya jawo tafiyar da za mu ba ku labarinta a yau aikin makaranta ne na yaro. Ɗanmu na fari, wanda yake aji biyu na ƙaramar sakandare, ya komo gida wata ranar Laraba ransa a ɓace, domin malaminsu ya ce kowane ɗalibi ya rubuto labarin wani gidan tarihi da ya taɓa ziyarta. Yaron ya ce, "Baba, mu nan Shanga ai ba mu da tarihi. In ba Argungu za a kai ni ba, ban san abin da zan rubuta ba." Gidan Tarihi na Kanta yake nufi, watau tsohuwar fadar Sarakunan Kabi da aka mayar wurin ajiyar kayan tarihi a shekarar 1958, wanda ya ji abokansa suna yabonsa.

Mahaifiyarmu tana gefe bisa tabarma tana ɓarar gyaɗa, ta ji abin da jikanta ya faɗa. Sai ta ɗago kai ta ce, "Haba maigidana, ga gidan tarihi zaune a gabanka kana neman na Argungu? Kawo kuɗin shiga in buɗe maka ƙofa." Kowa ya yi dariya. Amma da dare ya yi muka zauna muna tunani, sai muka ga lalle maganar yaron laifinmu ta tona. Mun kai yaran nan Sakkwato da Kaduna, sun san sunayen biranen Turai da na Asiya daga wayar hannu, alhali kuwa ba mu taɓa ɗaukar yini guda mun nuna musu ƙasar da aka haife su a cikinta ba. Don haka muka yanke shawara ranar Asabar za mu fita gaba ɗaya, da uwargida, da yara uku, da Kaka.

Mun tashi daga Shanga bayan sallar asuba, cikin sanyin watan Janairu, hazo ya rufe gonaki. Tun kafin mu hau babbar hanyar da ta taso daga Jega da Koko ta nufi Yelwa da Kwantagora, darasi ya soma. Muka tambayi yaran ko sun san dalilin da ya sa ake kiran garinsu Shanga, aka yi shiru. Muka gaya musu cewa sunan ƙabilar Shangawa ne, waɗanda suke da harshensu na kansu. Masana harsuna sun ce harshen nan ɗan'uwan na Busawa ne na ƙasar Bargu da na Kyangawa na wajen Illo, kuma dukkansu reshe ne na babban dangin harsunan Mande, wanda harshen Bambara na ƙasar Mali yake cikinsa. A yau akasarin Shangawa Hausa suke yi, harshen kakanninsu bai saura ba sai a bakin mutanen waɗansu ƙauyuka kaɗan na bakin kogi. Yaron ya fito da littafinsa ya rubuta wannan, shi ne abu na farko da ya shiga takardarsa.

Ba mu tsaya a Yelwa ba da farko, muka zarce Birnin Yawuri, wanda yake kimanin kilomita 14 kudu maso gabas da ita, domin muna so mu yi yawon ƙafa tun rana ba ta yi zafi ba. Wanda ya ga garin a yau ba zai yi zaton nan ne babban birnin ƙasar Yawuri na ɗaruruwan shekaru ba. Wani dattijo da muka tarar a bakin masallaci, da muka gaisa muka faɗa masa abin da ke tafe da mu, ya ɗauki sandarsa ya yi mana jagora zuwa bayan gari. Can ya nuna mana wani dogon tudun ƙasa da ya miƙe cikin gonaki, itatuwa sun tsiro a kansa, awaki suna kiwo. Ya ce, "To Malam, ga abin da ya rage na ganuwa." Autarmu ta hau ta sauko sau uku, a wurinta wurin wasa ne. Mu kuwa sai muka tuna cewa a shekarar 1830 Turawan nan biyu 'yan'uwan juna, Richard Lander da ƙanensa John, sun zauna a birnin nan fiye da wata guda, kuma sun rubuta cewa suna tsammanin kewayen ganuwarsa ya kai mil ashirin zuwa talatin, da manyan ƙofofi takwas. Ko da a ce sun ƙara gishiri, ba ƙaramin gari ake yi wa irin wannan shaida ba.

Mene ne ya girmama birnin? 'Yan kasuwa daga cikin masu karatu su ne suka fi cancanta su san amsar, domin kakanninsu ne suka girmama shi. Yawuri tana kan ɗaya daga cikin manyan hanyoyin fataucin goro. Ayari yakan taso daga Kano ko Katsina da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da kayan fata, madugu yana shugabanci, jagaba yana gaba, su sauka a ƙasar Yawuri su biya kuɗin fito a ƙetarar da su Kogin Kwara. Daga nan su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu har Salaga ta ƙasar Gwanja, a cikin Gana ta yau, su sayo goro su komo. Tafiyar takan ci watanni da yawa. Duk garin da ya mallaki mashigin kogi a kan irin wannan hanya, to arziki ya same shi har gida. A zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Sarkin Yawuri Muhammadu Albishir Ɗan A'i ya ƙulla amana da jama'ar Shehu, ƙasar ta zauna a ƙarƙashin Gwandu amma sarautar ta tsaya a gidanta. Abin da ya karya birnin daga baya shi ne yaƙin basasa tsakanin 'ya'yan sarauta a tsakiyar ƙarni na 19, da kuma hare-haren da aka riƙa kawowa daga Kwantagora. Sarauta ta ƙaura zuwa tsibirin Ikum a tsakiyar kogi, sa'an nan a shekarar 1888 Sarki Abdullahi Abarshi ya mayar da ita Yelwa, inda take har yau.

Muna komowa mota muka wuce ta gaban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri, sai surutun yara ya ɗauke. Babu wanda bai san abin da ya faru a nan ran 17 ga watan Yuni na 1921 ba, in ji autarmu, wadda ta kuskure shekara; yayanta ya gyara mata, ya ce 2021. A ranar ce 'yan bindiga suka shiga makarantar suka kwashe ɗalibai da malamai, waɗansu daga cikin 'yan matan ba su komo hannun iyayensu ba sai a shekarar 2023. Ba mu ɓoye wa yaran kome ba, domin wannan ma tarihin ƙasarsu ne, kuma shi ne dalilin da ya sa muka ƙudura tun daga gida cewa magariba a Shanga za ta same mu.

Hantsi ya dubi ludayi muka shiga Yelwa. Muka tsaya a ƙofar fada yaran suka ga dogarai da zaurukan gari, muka gaya musu cewa Mai Martaba Sarkin Yawuri na yanzu, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, wanda ya hau gadon sarauta a shekarar 1999, ya taɓa riƙe shugabancin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Daga nan muka gangara kasuwa ta wajen bakin ruwa. Warin albasa da na bandar kifi su ne suka fara tarbarmu. Buhunan albasa jibge, 'yan dako suna loda wa manyan motocin da za su nufi Kurmi. A rumfunan kifi uwargida ta zama malama: ta nuna wa yaran giwan ruwa, da tarwaɗa, da ƙarfasa, da ƙurungu mai ƙaya, ta koya musu yadda ake gane bandar da ta bushe sosai daga wadda za ta ruɓe a hanya. Muka sayi soyayyen kifi da ƙosai muka zauna a inuwar wata bishiya muka ci, muka yi sallar azahar a masallacin kasuwa.

A nan ne ɗiyarmu ta tsakiya ta kawo maganar da ke cikin littafinsu, cewa wai Mungo Park ne ya gano Kogin Kwara. Wani mai gyaran taru da ke kusa da mu ya yi dariya har ya ajiye allurarsa. Ya ce, "'Yata, to kafin ya gano shi, kakanninmu a ina suke kamun kifi?" Gaskiyar magana ita ce, mutumin nan ɗan ƙasar Sikotilan ne, ya biyo kogin daga ƙasar Mali cikin jirgi yana neman ya san inda ya ƙare, ya ratsa ƙasar Yawuri a farkon shekarar 1806, ya halaka a duwatsun ruwa na Busa, can kudu da nan. Neman takardunsa yana cikin abin da ya kawo su Lander Birnin Yawuri bayan shekara 24, kuma su ne suka bi kogin har teku a ƙarshen 1830. Abin da suka gano, Turai suka gano wa. Gungawa da Sarkawa da Nufawa sun daɗe da sanin kowane lungu na ruwan nan. Duwatsun da suka ci Mungo Park kuwa, da tsohon garin Busa kansa, duk suna ƙarƙashin tafki a yau.

Wannan ya kawo mu ga babban abin da ya fito da mu. Mahaifiyarmu Bagunga ce, a tsibiri aka haife ta. Gungu a Hausa shi ne tsibiri, shi ya sa ake kiran mutanenta Gungawa, su kuwa suna kiran kansu Reshe. An soma ginin madatsar ruwa ta Kainji a shekarar 1964, aka toshe kogin a 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a watan Fabrairu na 1969. Madatsar tana can kudu cikin Jihar Neja ta yau, amma ruwan da ta tare ya koma baya fiye da kilomita 130 har ya iso Yelwa, ya rufe ƙasa fiye da murabba'in kilomita 1,200. Mutane kimanin 44,000 aka tasa daga gidajensu aka sake musu matsuguni. Kaka tana cikinsu, tana 'yar shekara goma.

Muka yi ciniki da wani mai jirgin inji ya ɗan zaga da mu. Kafin mu shiga muka ce sai an kawo rigunan kariya daga nutsewa. Mai jirgin ya ce, "Alhaji, ai nan kusa ne, kuma ni a ruwan nan aka haife ni." Muka ce mun yarda, amma ba za mu shiga ba sai da su. Ya tafi ya aro guda shida. Ba taurin kai ya sa mu ba. Ran 26 ga watan Mayu na 2021 wani jirgi ɗauke da mutane fiye da 150 ya nutse kusa da Wara ta Ƙaramar Hukumar Ngaski, waɗanda aka ceto da rai ba su fi kimanin ashirin ba, kuma yawancinsu 'yan kasuwa ne da mata da yara. Allah ya jiƙansu. Lodin da ya wuce kima, da tsufan jirage, da tafiyar dare, da kututturan itatuwan da ruwa ya rufe ba a sare su ba, su ne abubuwan da suke cin rayuka a tafkin nan. Duk ɗan kasuwar da yake bin ruwa zuwa cin kasuwa, rigar nan ba ta kai kuɗin buhun albasa guda ba.

Da muka yi nisa da gaɓa, yaron ya lura ruwan garau yake, har ana ganin hannu a cikinsa. Mai jirgin ya ce ai lokacin baƙin ruwa ne. Kogin nan sau biyu yake cika a shekara. Farin ruwa yana zuwa da damina, daga Agusta zuwa Oktoba, mai laka ne domin ruwan saman ƙasashen kusa ne ya wanko ƙasa. Baƙin ruwa kuwa ruwan saman da ya sauka ne a duwatsun ƙasar Gini, inda kogin ya faro. Yana daɗewa yana ratsa fadamun ƙasar Mali, lakarsa ta kwanta a can, ba ya iso mana sai cikin hunturu, watanni bayan an ɗauke ruwa. Yaran suka yi mamakin jin cewa ruwan da suke taɓawa ya yi tafiyar dubban kilomita, ya wuce ta kusa da Tumbuktu da Yamai kafin ya zo hannunsu. Ya ƙara da cewa mahaifinsa yana ba shi labarin irin kifin da aka kama sa'ad da tafkin yake sabo. Haka ne kuwa: lissafin masu bincike ya nuna an kama fiye da tan 28,000 a shekarar 1971, amma kafin ƙarshen shekarun 1970 abin ya sauko ƙasa da tan 5,000.

Kaka ba ta ce uffan ba tun da muka shiga jirgi. Tana ta duban wani tsauni da ke gaɓar yamma, tana auna shi da wani dutse da ya ɗan leƙo daga ruwa. Can sai ta ce wa mai jirgin, "Ɗana, kashe injin nan." Ya kashe. Ta nuna ruwa da hannunta, wurin da babu kome sai ƙananan igiyoyi, ta ce, "Nan ne, ko kusa da nan." Sa'an nan ta soma lissafi: ga inda tsamiyar ƙofar gidansu take, ga lambun albasar mahaifinta da ake ban ruwa da ƙwarya, ga mashigin da mata suke wanki, ga inda aka binne kakanta da ƙanenta wanda ƙyanda ta kashe. Ta ce ma'aikatan gwamnati sun zo sun ƙidaya ɗakuna da itatuwa, an kwashe su cikin manyan motoci zuwa sababbin gidaje na siminti a kan tudu, masu zafi da rana, masu sanyi da dare. Ta ce tsofaffi da yawa ba su gaskata ruwa zai hau har can ba, sai da suka gani da idonsu. Ta ce, "An biya mu ɗaki da ɗaki, amma ba a biyan kushewa." Muka ɗaga hannu muka yi wa mamatan addu'a a tsakiyar ruwa, mai jirgin ma ya cire hularsa ya shafa tare da mu. Sa'an nan ta faɗi sunan gungun da harshen Reshe, ta sa jikokinta suka maimaita har sau uku. Mu kanmu da muka haife su, rabonmu da jin sunan nan tun muna yara.

Kada wani ya ɗauka muna kushe madatsar ne. Wutar lantarkin da take bayarwa ta haskaka asibitoci da makarantu da masana'antu shekara fiye da hamsin, tafkin kuma ya ciyar da dubban masunta. Abin da muke cewa shi ne, waɗanda suka ba da gidajensu domin a sami wannan alheri sun cancanci a tuna da su. Ba mu kaɗai aka yi wa irin wannan ba. A Gana, madatsar Akosombo da aka gama a 1965 ta tashi mutane kimanin 80,000. A Masar, madatsar Aswan ta rufe ƙasar Nubawa, amma can an ciccire gine-ginen Abu Simbel an ɗaga su bisa tudu tsakanin 1964 da 1968, watau daidai shekarun da ake gina Kainji, sa'an nan a 1997 aka buɗe gidan tarihi na musamman a Aswan domin ajiye kayayyaki da labarin mutanen da aka tasa. Mu ma an yi ɗan ƙoƙari: kafin ruwa ya hau, masu binciken tarihin ƙarƙashin ƙasa sun haƙa waɗansu tuddai, kuma a wani kusa da Yelwa sun sami tukwane da ƙarafa da siffofin yumɓu waɗanda aka auna shekarunsu tsakanin shekara ta 100 da ta 700 bayan haihuwar Annabi Isa, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Ashe mutane suna zaune suna ƙira a bakin kogin nan tun fiye da shekara 1,300 da suka wuce. Mun san akwai masu ƙyamar ajiye irin waɗannan kaya. Amma ajiye abu domin a san yadda mutanen da suka rayu, a kuma yi tunani a kan yadda suka shuɗe, daban yake da girmama shi.

Abin da yake ba mu tsoro shi ne lissafin shekaru. Yaron da yake da shekara goma a 1968 ya doshi saba'in a yau. Waɗanda suka yi noma da aure a gungunan nan sun kusa ƙarewa. Tudun ganuwa yana iya jiran shekara hamsin, amma abin da ke cikin kan Kaka ba zai jira ba. Saboda haka muna kira ga ma'aikatan gwamnati, musamman malaman makaranta da na ƙananan hukumomin Shanga da Yawuri da Ngaski, su sa ɗalibai su zauna da tsofaffin unguwarsu su rubuta sunayen garuruwan da ruwa ya ci, da zuriyar da ta fito daga kowanne, da kalmomin Reshe da na Shanga da suka rage. Wayar da ke aljihun kowannenmu tana iya ɗaukar muryar tsoho. Attajiranmu kuma, waɗanda Allah ya buɗa musu ta hanyar albasa da kifi da shinkafar ƙasar nan, ɗaki biyu a bakin ruwa da za a tara tsofaffin jirage da masu da homa da hotuna da takardun fatake ba zai gagare su ba. Wanda bai iya ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, to ya ɗauki iyalinsa yini guda ya nuna musu. Mu abin da muka kashe bai wuce kuɗin mai da na jirgi da na kifi ba.

Mun shiga Shanga ana kiran sallar magariba. Yaran biyu sun yi barci a mota, shi kuwa babban yana ta rubutu da hasken da ya rage. Ran Litinin ya kai wa malaminsa shafi huɗu. A wurin da aka ce a rubuta sunan gidan tarihin da aka ziyarta, sunan gungun kakarsa ya sa. Tun daga ranar, kowace Juma'a bayan la'asar yakan ɗauki littafi ya zauna a gabanta, ita kuma ba ta buɗe baki sai ya biya kuɗin shiga, watau goro guda.

Allah ya jiƙan magabatanmu na tudu da na ƙarƙashin ruwa, ya tsare matafiyanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin. Wassalam.